Filin Masu Mota: Siramik ɗin nan, in shafa da kaina ko in kai wa masu yi?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato ruwan maganin nan da ake shafa wa fentin mota wanda ake kira siramik, shi ya sa na tsamo guda biyar na haɗa su wuri ɗaya. Ta farkon za ta ɗan ja mu da tsawo, ku yi haƙuri, don ita ce uwar sauran.

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ina da Camry baƙa 2012 'yar Kwatano, ban jima da sayenta ba kuma gaskiya ina ji da ita. Na je wani wurin masu gyaran fenti a Abuja na tambayi kuɗin siramik, abin da suka faɗa min ya kusa albashina na wata biyu, da na dawo gida na duba intanet sai na ga ana sayar da 'yar kwalbar da arha sosai, ga bidiyoyi nan a YouTube mutum ya shafa cikin minti goma ya watsa ruwa ruwan na ta gudu. Anya ba cutarmu kawai suke ba? Zan iya yi da kaina ranar Asabar a ƙofar gida? Daga wani ma'aikacin gwamnati, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya sanya alheri ya tsare hanya. Eh za ka iya yi da kanka, amma ba a ƙofar gida ba, kuma ba cikin Asabar ɗaya ba.

Abin da ke cikin kwalbar nan sinadari ne mai silika, dangin abin da ake yin gilashi da shi, idan aka shafa shi ya sha iska sai ya daskare ya kama saman fentin gam. Siriri ne ƙwarai, kaurinsa bai wuce maikron 1 zuwa 2 ba (maikron dubu ne ke yin milimita ɗaya), alhali ita kiliya, wato fentin nan marar launi da kamfani ke fesawa a saman kala, tana kai maikron 40 zuwa 50. Aikinsa ya hana ruwa zama, ya hana datti maƙalewa sosai, wanki ya yi sauƙi, ya rage cin da rana ke yi wa fenti, sannan ga ƙyalli. Amma fa ba ya gyara komai, duk abin da ya tarar a jikin fentin shi zai rufe a ƙasansa, kamar dai ka kai takardar shaidarka a yi mata laminatin alhali da ɗigon manja a jiki, tabon ya zauna kenan. To a nan maganar kuɗin take. Kuɗin da suka caje ka ba na kwalbar ba ne, yawancinsa na wuni guda ko biyu ne da mutum zai yi a tsaye da injin folish yana cire karce kafin a buɗe kwalbar ma, kuma wannan ɓangaren shi ne masu bidiyo ke yankewa don ba ya burge mai kallo. Ban ce duk mai shago gaskiya yake yi ba, akwai masu fesa maka na feshi su kira shi na shekara biyar, don haka ko za ka kai ka ce a nuna maka kwalbar, ka tambayi folish hawa nawa za a yi.

Yau da daddare ka kunna tocilan ɗin wayarka ka haska bonet ɗin ta gefe, ka duƙa ka kalla. Baƙar mota ba ta da sirri, za ka ga ƙananan karce suna zagaye hasken, wannan aikin tsumma ne da soson wanki na shekara da shekaru. Bayan ka wanke ta kuma, ka zura hannunka cikin farar leda marar kauri ka shafa rufin a hankali, idan ka ji ƙurji-ƙurji kamar yashi to akwai ƙurar ƙarfen birki da kwalta da suka nutse cikin kiliyar waɗanda sabulu ba ya fitarwa. Duk waɗannan sai sun fita.

Ga yadda aikin yake bi. Wanki da shamfun mota, ba omo ba, da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye safar wankin kafin ka sake tsoma ta. Sai ka fesa maganin ƙurar ƙarfe, za ka ga yana komawa shuɗi-ja yana zirarowa, ka ɗauraye kafin ya bushe. Sai maganin kwalta a ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi. Sai wani dunƙule mai danƙo da ake kira kile, ana fesa ruwan kumfa ana goga shi a hankali har wurin ya yi sumul, idan ya faɗi ƙasa jefar da shi kawai kar ka ji tausayin kuɗinka, ya riga ya kwashi yashi. Bayan nan ne folish, daga nan a goge duk jikin da sinadarin IPA, wani nau'in sifirit ne na goge maiƙo, kashi ɗaya nasa kashi uku ruwa mai tsafta, don ya kwashe maiƙon folish ɗin, in ba haka ba siramik ba zai kama ba, wata biyu uku ka ga ya tafi ka ce an sayar maka da jabu.

Folish ɗin shi ne inda nake jin tsoro ga sabon hannu. Injin da fentocinmu suka saba riƙewa mai juyi ɗaya ne, yana da ƙarfi yana kuma zafafa fenti, ɗan tsayawa kaɗan a kan gefen bonet ko layin ƙofa sai ka ga kiliya ta cinye kala ta fito, kuma wannan ba ya gyaruwa sai da sabon feshi. Motar Kwatano kuma ba ka san tarihinta ba, wataƙila an sha yi mata folish tun a can, wataƙila wata ƙofar an taɓa sake mata fenti bayan bugu. In har da hannunka za ka yi to ka nemi injin da ake ce wa DA, shi yana juyi yana karkarwa lokaci ɗaya, da wuya ya ƙona fenti, ka fara da soso mai laushi da man folish marar kaushi, ka gwada a ɗan wuri ka gani. Kuma kar ka ce sai ka cire kowane karce, wanda farcenka ke maƙalewa a ciki ka bar shi, ya wuce aikin folish.

Yanzu ka zauna da biro ka lissafa: kwalbar, shamfu, magungunan nan biyu, kile, inji da sosonsa da mansa, IPA, tawul mai laushi da ake kira maikrofaiba aƙalla goma, tef ɗin fenta na rufe robobi, safar hannu, takunkumin hanci, fitila mai haske. Za ka ga rarar da kake hange ta ragu sosai. Ni shawarar da nake ba mutane irinka ita ce a raba aikin biyu, ka samu mai folish da ka ga aikin hannunsa da idonka ka biya shi wannan kaɗai, ka ce kar ya sa waks ko wani man ƙyalli a ƙarshe, sai kai ka yi gogen IPA da shafin da kanka. Idan kuna da motoci biyu a gida ko ku haɗa kuɗi da aboki ku sayi injin tare, nan kam akwai sauƙi na gaske. Kwalba mai mililita 30 ta ishi Camry ko Corolla, Sienna ko Highlander sai mai 50. Ka nemi sunan da aka sani irin su CarPro, Gyeon ko Gtechniq daga hannun dillalin da zai tsaya maka, araha ba ta ado.

Sai maganar wuri da lokaci, wadda ita ce ta fi shafarmu mu 'yan Arewa. Yawancin kamfanonin suna rubuta a yi aikin tsakanin digiri 10 zuwa 25, mu kuwa a Kano watan Afrilu 40 muke gani, baƙin bonet da ya sha rana ma ko hannu ba ka iya ɗorawa. A irin wannan zafin kafin ka ɗauko tawul ya riga ya bushe. Lokacin hunturu kuma ga sanyin da ake so amma ga ƙura, duk ƙwayar da ta sauka kan ɗanyen siramik ta samu wurin zama. Saboda haka gareji mai ƙofa, ka share ka yayyafa ruwa a ƙasa, kar ka kunna fanka, motar ta kwana a ciki jikinta ya yi sanyi, ka fara bayan sallar asuba. Ni na fi son ƙarshen damina wajen Oktoba kafin hazo ya sauko. In za ka tada janareto don inji da fitila to a waje can nesa da ƙofar, hayaƙinsa a rufaffen ɗaki kisa yake yi, shi ma warin maganin ba na shaƙa ba ne, ka bar taga ɗaya a ɗan buɗe ta ɓangaren da iska ba ta kaɗowa, yara kuma kar su shigo.

Shafin kansa ba wuya. Ka naɗe ɗan ƙyallen da ya zo a kwalin a jikin soson, ka ɗiga layi ɗaya na maganin, ka ɗauki wuri kamu ɗaya a tsaye kamu ɗaya a kwance, ka ja layi-layi sama da ƙasa sannan hagu da dama. Sai ka tsaya ka zuba ido, wurin zai fara nuna launin bakan gizo ko ya yi 'yan ɗige-ɗigen gumi, wani cikin minti biyu uku, in da zafi ko laima ko minti ɗaya ba ya kaiwa, to wannan ne lokacin. Tawul na farko ya kwashe rarar, na biyu busasshe ya bi baya, ka wuce iyakar inda ka shafa da kamar tafin hannu don nan ne yake taruwa, ka haska da fitila kafin ka matsa gaba. Ka fara gwaji a ƙasan ƙofar baya ba a bonet ba. In ka gama, awa 24 ko ɗigon ruwa kar ya taɓa ta, kwana 7 ba wanki da sabulu. Tawul ɗin da ka goge da su kar su sake hawa fenti, maganin na daskarewa a cikinsu ya zama mai karce. Kwalin zai ce shekara 3 ko 5, ni dai da ranarmu da irin wankinmu ina ce wa mutane su sa ran ɗaya zuwa biyu.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ƙanena ne ya shafa wa motata siramik sati biyu da suka wuce, da yamma ta yi kyau amma da rana ta fito sai na ga dabbare-dabbare masu duhu a ƙofofi da but kamar an shafa mai, mun wanke mun goge sun ƙi fita, shi kuma duk ya damu. Motar ta lalace kenan? Daga wata 'yar'uwa, Kaduna.

AMSA: Hajiya kwantar da hankalinki, fentinki na nan lafiya lau a ƙasa. Waɗannan wuraren rarar maganin ce da ba a goge da kyau ba ta daskare da kauri, ko ya shafa wuri mai faɗi da yawa lokaci ɗaya ko hasken wurin bai ishe shi ganin abin da yake yi ba. Da a cikin awar farko aka gani da sai a ƙara ɗiga maganin a kai ya narkar da shi a goge, amma bayan sati biyu ya riga ya ƙeƙashe, babu sabulun da zai ɗaga shi. Don Allah kar wani ya ce miki a sa fetur ko tina ko a kankare da soson ƙarfe, nan ne za a yi ɓarnar gaske. Maganinsa folish marar kaushi a daidai wurin, in ɗan ƙarami ne da hannu ma yana fita da haƙuri, in ya yi yawa sai inji, a yi ƙofar gaba ɗaya daga gefe zuwa gefe, a goge da IPA a sake shafa mata sabo don kar rabi ya zama da siramik rabi babu. Ku duba ragowar kwalbar tukuna, tunda an buɗe ta iska ta shiga, idan kun ga ta yi kauri ko ƙanƙara-ƙanƙara a bakin murfin to ta tashi aiki sai wata. Ƙanen naki kuma ki ƙarfafa masa gwiwa, wannan karon ya riƙe fitila a hannu ɗaya tawul a ɗayan, ƙofa ɗaya in ya gama ya fito da motar hasken safe ya duba kafin ya taɓa ta biyu.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Ni direba ne ina lodin Sakkwato zuwa Gusau, tsakuwa ta gama min da gaban mota, cikin gari kuma 'yan adaidaita da masu babur kullum sai an goge ni. Na ga an rubuta 9H a kwalin an ce ko wuƙa ba ta karce shi, gaskiya ne? Daga wani direba, Sakkwato.

AMSA: Ɗan'uwa Allah ya tsare mana ku a hanya. Ba gaskiya ba ne, kar ka kashe kuɗin guminka a kan wannan zancen. 9H ɗin nan ma'aunin fensir ne, ana ɗaukar fensirori daga mai laushi zuwa mai tauri ana ja a kan abin a ga wanne zai karce shi, ba ma'aunin taurin duwatsu ba ne. Yashi ya fi wannan tauri nesa ba kusa ba, balle tsakuwar da tirela ta harbo kana gudun 100, balle ƙarfen adaidaita. Bidiyon da ake buga laita a bonet a goge tabon ya tafi, robar laitar ce ta gogu a sama, ba komai ba. Abin da ke tare tsakuwa wata leda ce mai kauri da ake mannawa a bamba da bonet da madubai, ana ce mata PPF, kaurinta na kai maikron 150 zuwa 200, ita kuma tsada gare ta kuma manna ta sai gwani. Ga motar haya ni ban ga ribar ko ɗaya daga cikinsu ba. Inda tsakuwa ta fasa har ƙarfe ya fito ka sa fenta ya ɗiga maka kala kafin damina don kar tsatsa ta shiga, wannan ya fi maka amfani yanzu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Rufin motata da bonet sun yi fari-fari suna saɓulewa, siramik zai dawo da su? In kuma na sake fenti zan iya shafawa nan take? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

AMSA: Wa'alaikumus salam, gaisuwa ga mutanen Katsinar Maraɗi. A'a ba zai dawo da su ba, kiliyar ce rana ta kashe, siramik kuma a jikin kiliya yake kamawa, in ta ɓare tare za su tafi. Sai dai feshi. Bayan feshin kuma kar ka yi gaggawa, sabon fenti yana ɗaukar lokaci yana fitar da sinadaran da aka dama shi da su, in ka rufe shi da wuri yana iya dusashewa ko ya ƙi yin tauri yadda ya kamata. Ana jira kwana 30 zuwa 90, wanda aka gasa a ɗakin feshi ya fi saurin nuna a kan wanda aka fesa a fili aka bar wa rana, in a fili aka yi maka ka cika wata ukun.

TAMBAYA: Malam ni gidan haya nake ba ni da gareji, a gindin darbejiya nake ajiye mota, kullum da safe yaro na karkaɗe ta da tsumma. Ina son ƙyallin nan amma ba ni da halin duk kayan da ake lissafawa. Me zan yi? Daga wani malamin makaranta, Zariya.

AMSA: Malam Allah ya ƙara buɗi. Kai kam ka bar 'yar kwalbar nan, a waje ba za ta yi maka kyau ba ko kaɗan. Akwai na feshi, Turtle Wax da Meguiar's duk suna yi, an rubuta siramik a jiki shi ma da silika a ciki sai dai marar ƙarfi, ka wanke mota a inuwa ka fesa kaɗan a tawul ka goge ka bi da busasshe, in ka yi kuskure gogewa yake yi ba ya daskarewa ya bar maka tabo. Yana kai wata uku zuwa shida, ka riƙa maimaitawa, kwalba ɗaya za ta yi maka shafi da yawa. Kar ka fesa na fenti a gilashin gaba, waifa za ta riƙa tsalle tana ƙara, gilashi da nasa daban.

Amma abin da ya fi ci min rai a saƙonka tsumman nan ne. Ƙurar hunturu akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, duk safiyar da yaron ya ja busasshen tsumma a kan busasshiyar ƙura karce yake zanawa, ko siramik na nawa ka sa haka zai cinye shi, shi kuma yaron ba laifinsa ba ne haka aka nuna masa. Ka ce ya goge gilasai da fitilu kawai ya bar jikin, in ƙurar ta dame ka a kwara ruwa ta sauka tukuna kafin hannu ya taɓa. Ka saya masa tawul ɗin maikrofaiba biyu da shamfun mota, ka rabu da omo don shi ne ke wanke duk abin da ka shafa. Ruwan burtsatse kuma a wurare da dama yana da gishiri-gishiri, siramik na tara ruwa ya zama ƙwallaye, in rana ta busar da su kowanne sai ya bar farin zobe, don haka wanki da sassafe ko bayan la'asar, a tsane ta nan take kar a bar wa iska.

Darbejiyar tana taimakonka da inuwa, sai dai kashin tsuntsaye da na jemagu da 'ya'yan itacen da ke faɗowa suna cin kiliya in suka kwana biyu rana na dukansu. Ka ajiye gorar ruwa da tawul ɗaya a but, da ka gani ka jiƙa wurin ka bar shi minti ɗaya ya yi laushi sannan ka ɗauke shi sama, kar ka dirza. Rigar mota kuma sai ranar da aka wanke ta za ka sa, in ka rufa a kan ƙura iska na kaɗa rigar tana goga yashin a jikin fentin har gari ya waye.